Takalman Tsohuwar Ikko

Tun da teku ta cinye tsohuwar Ikko, sai ruwa ya janye ake zagayawa da baƙi kangon tashar jiragen ruwa, kowa sanye da takalmin hukuma mai girgiza ƙafa idan ruwa zai dawo.

Sallau ɗan jagora na nuna musu inda ake sauke goron Gwanja a da, sai wata baƙuwa, Hajiya Kubura, ta ja ta tsaya a ƙofar masallacin 'yan goro.

"Nan mahaifina ya yi limanci."

"Hajiya, kada ki tuɓe takalmin!"

"Kai ɗan nan, da takalmi zan shiga ɗakin Allah?"

Ta tuɓe. Kunya ta sa kowa ya tuɓe, har Sallau.

Ta daɗe tana addu'a, ƙaguwa na yawo a mumbari. Da suka fito, takalman na can nesa, suna girgiza a kan ruwa.