Karkarwar Motar Kalilu

Hular Kalilu ce ta fara faɗowa. Yana zaune a motarsa a tashar Zango, inji na kunne, motar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, har hular ta zame ta faɗa kan sitiyari. A kujerar baya, inda mata ke zama tun zuwan Shari'a, wata tsohuwa ta ce a sauke ta, ita Daura za ta, ba lahira ba.

Motar gadon mahaifinsa ce, kuma da ita yake ci da gidansa. Tsufa kam ta tsufa, amma ba ta taɓa kunyata shi ba sai bana.

A haka ya lallaɓa zuwa Daura. Ya fara biyawa ta kasuwa ya sauke wa Haulatu, ƙanwar matarsa mai sayar da fura, jarkar kindirmon da ake aiko mata kullum, sannan ya wuce garejin Sharfaddeen.

Sharfaddeen ya buɗe bonet ya kasa kunne. Ya zare wayar fulogi ta farko, injin ya ƙara rikicewa, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya taɓa ta uku, ko gezau.

"Misin take yi, Malam Kalilu. Silinda ɗaya ba ya samun wuta. Ga wayar nan a ɗore kawai, ba ta shiga ba."

Ya danna ta. Karkarwar ta kwanta luf, har kana jin kukan kurciya a bayan gareji.

Washegari da safe karkarwa ta dawo. Kalilu ya ce ai ya ga yadda ake yi. Ya buɗe bonet, ya kai hannu injin na aiki, wuta ta fizge shi har ya yi salati da ƙarfin da ya tara maƙwabta. Daga ranar ya rantse shi da wayar nan sai kallo.

Sharfaddeen ya sa sababbin fulogai. Ya canja wayoyin duka. Ya wanke kafireta, ya gyara silo, wato tafiyar injin in mota na tsaye, ya duba kwayil. Kullum motar ta koma Zango lafiya lau da yamma, kullum ta wayi gari tana rawa, wayar ta uku a ɗore.

Wasu suka ce ɓera ne. Aka kwantar da mage a ƙarƙashin motar, ta yi barcinta. Wasu suka ce hassadar direbobi ce, Kalilu ya daina gaisawa da rabin tasha.

Kubura matarsa ce kaɗai ba ta ɗaga hankali ba. 'Yar bakanike ce, a ƙofar gareji ta yi wayo, kuma ta san darajar mota: kafin ya dawo daga sallar asuba ta goge ta tas, ta ɗaure jarkar a but. Ba ta taɓa cika jarkar ba, rabi take zubawa. Ga shi ciwon kafaɗar da ya dame ta shekara da shekaru ya yi sauƙi, har ƙiba ta fara yi.

"Ka yi haƙuri, Maigida," in ji ta. "Ai tana kai ka, ko?"

Tana kai shi, amma fasinja sun fara gudu. Wani mai ƙwai ya yi masa Allah ya isa. Wani ɗan fansho ya sauka a Daura yana laluben haƙorin robarsa a ƙarƙashin kujera.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kira Malam Uwaisu mai ruƙiyya. Ya ɗora tafi a kan bonet ya fara karatu, karkarwar ta bi hannunsa ta shiga muryarsa, har 'yan kallo suka fara share hawaye, sun ɗauka kuka yake. Ya daka tsawa ya ce wanda ke ciki ya faɗi sunansa. Salansar motar ta yi tuf! Malam ya ce wannan aljanin ba Musulmi ba ne, ya tafi bai tsaya neman takalminsa ɗaya ba.

Shugaban tasha ya kira Kalilu gefe ya ce ko ya gyara, ko a cire shi daga layi. Ranar Kalilu ya isa gareji ido jajur, ya ce a nemo masa masu sayen ƙarfe.

"Tsaya tukuna," in ji Sharfaddeen. Ya danna wayar, ya rufe bonet, ya sa mai walda ya liƙa masa kunnuwan ƙarfe biyu, ya maƙala ƙaton kwaɗo irin na shago. "Ko aljani ne, sai ya zo da makulli."

Da gari ya waye Kalilu ya murɗa makullin mota. Shiru, sai wani sanyin sauti kamar ana zuba gero a buhu. Ya fito ya yi sujada a ƙasa. Kubura na tsaye a bakin zaure tana murza kafaɗa, ta ce Allah ya tsare, can ƙasa-ƙasa.

Tafiya ta yi daɗi. Fasinja suka yi barci. Mai ƙwai, da ya shigo don ba wata mota, ya janye Allah ya isarsa tun kafin a shiga gari.

A kasuwa Kalilu ya sauke jarkar yana murmushi. Mata sun yi layi gaban Haulatu, kowacce da ɗan kwanonta. Haulatu ta buɗe murfin, ta leƙa, ta karkata jarkar ta sake leƙawa, sannan ta ɗago a fusace.

"Haba Yaya Kalilu! Ko ɗigon man shanu bai tashi ba. Yau Yaya Kubura ta manta ba ta zare wayar ba ne?"