Turin Gefen Hagu

Wata uku cur Muftahu yana zuwa rumfar 'yan dame, wato darar allo, da ke bayan shagon Kassim wanzami a Nima, da littafin da yake rubuta kowane wasa a hammata. Ya gama jami'a, aiki bai samu ba, sai ya ɗau alwashin gano turin farko da ya fi kowanne ƙarfi a wasan. Tsofaffin ba su kore shi ba. Kujera ma suke ajiye masa, su gyara allon yadda zai gani sosai. Kassim kuwa in sun gaisa har gemunsa yake tambaya ya kwana.

Lissafi ya fito fes. Duk sa'ad da Baba Osumanu, gwanin rumfar, ya kara da Kassim ya fara da ɗan gefen hagu, Kassim yakan dafe kai ya ce an gama da shi, kuma a gama da shi ɗin. Wasa arba'in da ɗaya, ci talatin da tara. Sauran turin ko rabin haka ba su kai ba.

Ilimi ya cika wa Muftahu ciki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya shafa gemun nan da ya shekara uku yana reno da man kaɗe, ya sanar cewa yau zai kayar da Baba Osumanu. Tsohon ya ce to, in ya ci, kujerar ƙarƙashin fanka tasa ce har abada. In ya faɗi, gemun na Kassim ne. Ya kuma bar masa turin farko, wai babba ba ya riga yaro.

Muftahu ya buga ɗan gefen hagu har allon ya yi ƙara. Mai soya doya ta bar kaskonta ta matso. Turi na shida aka ci masa biyu, na tara aka kwashe uku. Kafin kiran la'asar ba shi da ko ɗa guda a allo.

Kassim ya zaunar da shi, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya. Muftahu na ta buɗe shafuka, yana neman inda lissafin ya karkace.

"Chale, abokina, lissafinka lafiya lau," in ji Kassim yana wasa askarsa. "Turin ne ko jikana ba ya yin sa. Ka san wahalar da na sha kuwa? Sau talatin da tara ina faɗuwa da gangan saboda gemun nan."