Tela a Kan Marmaro

Matso nan in ba ka wani misali, tunda na ga kai ma gaisuwa tana yi maka nauyi a baki. An yi wani tela a birni, shekara talatin yana duƙe a kan keke, burinsa ɗaya a duniya shi ne ya taka ƙolin wani dutse da jama'a ke tururuwar hawa duk lokacin hutu. Gwiwa ta fara yi masa gardama, likita ya ce in zai hau to bana ne, baɗi sai dai kallo daga ƙasa. Ya sayi takalmi mai ƙwari, ya cika gora biyu da ruwa, ya shiga mota. A gindin dutsen akwai ƙauyuka uku, hanyar hawa ta ratsa ta tsakiyarsu. Al'adar mutanen wurin, duk mai hawa sai ya tsaya ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a yi masa ban gajiya, sannan a faɗa masa abin da ya kamata ya sani game da hanya. Wanda bai tsaya ba kuwa ba sa ƙwala masa kira, don a wurinsu rashin ta ido ne ka bi baƙo da magana ta ƙeya. Gogan naka taswira na cikin wayarsa, yana ganin gaisuwa ɓata lokaci ce. Ya wuce su fuu, ko hannu bai ɗaga ba. Dattawa suka bi shi da ido, suka ci gaba da tufkar igiyarsu.

To, hawan dutse ba ɗinkin aljihu ba ne. Kafin azahar gora biyun nan sun zama wayam, rana ta take, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Ga ƙoli can yana hange, bai fi tafiyar rabin sa'a ba, amma ƙafa ta ce ba da ita ba. Ya sami wani faffaɗan dutse a gindin gamji ya zauna, har yana mamakin sanyinsa. Ya daɗe yana kallon ƙolin nan, ƙwalla ta cika masa ido, sannan ya juyo yana jan ƙafa. Da la'asar sakaliya ya faɗo ƙauyen da ya fi kusa, wannan karon da sallamarsa har da rusunawa. Wata tsohuwa ta miƙa masa ƙwarya, ya kafa kai sai da ya ga ƙasanta. Ta ce, "Sannu bawan Allah. Ba ka sha a marmaro ba ne? Ai yana nan gindin gamji, mun rufe shi da faifan dutse saboda birai. Da hannu ɗaya ma ana ɗaga shi." Tela ya ajiye ƙwarya, ya waiga ya dubi dutsen. Ashe a kan ruwan ya zauna yana haɗiyar busasshen yawu! Washegari gwiwa ta kumbura suntum, a bayan babur aka kai shi tasha, kuma bai sake taka dutsen nan ba.

Wallahi har yau in na tuna shi sai tausayi ya kama ni, don sallama ɗaya ce ta raba shi da burinsa. Gaskiyar Hausawa da suka ce, da ɗan gari akan ci gari.