Fatsar Malam Barau

Ranar da albashi ya fito Malam Barau yake ware kuɗin kamun kifinsa, tun kafin na hatsi da na cefane. Ga na man babur daga Talata Mafara zuwa dam ɗin Bakolori, ga na ƙugiya da zare, ga na hayar kwalekwale na Juma'a huɗu cif, a biya tun farkon wata. Abokan koyarwarsa a firamare sun yi masa tsiya har sun gaji. Mutum da gemunsa da iyalinsa ya kwaso ɗabi'ar Turawan da suka gina dam, wai kamun kifi don sha'awa! Shi dai sai murmushi. Ana idar da sallar Juma'a zai ɗaure sandar fatsarsa a babur, kuma ba ya juyowa sai ya cika awa biyu a kan ruwa.

Mai kwalekwalen da yake ɗauka bana ana kiransa Maikuɗi, amma a suna abin ya tsaya. Masunci ne daga wajen Yawuri, labarin kifi ya jawo shi gefen Maradun bayan ruwa ya riga ya cika. Da malamin ya damƙa masa kuɗin wata guda a dunƙule, ya ɗauka kakarsa ta yanke saƙa. Sai daga baya ya ji cewa shi ne na huɗu, kuma ukun farko da kansu suka ce sun fasa.

Bai daɗe ba ya gane dalili. Malamin ba ya zuwa inda kifi yake. Wuri ɗaya yake nufa kullum, can tsakiya, inda kan wata busasshiyar tsamiya ya leƙo saman ruwa. Da sun iso sai ya tuɓe takalmansa, hira ta ƙare. Ya hana Maikuɗi jefa raga a nan, ya hana shi busa taba. In tarwaɗa ta yi kuskuren haɗiye ƙugiya, sai ya cire ta a hankali ya mayar. Daga nan ya sunkuya, bakinsa na motsi, yana yi wa ruwa magana ƙasa-ƙasa.

Maikuɗi gadon sana'ar su ya yi. Ya san akwai masu magana da ruwa, ya kuma san ruwa ba ya yi wa kowa aiki kyauta. Ko bara wani mai jirgi ya fita da baƙo, baƙon ya dawo a jiƙe, shi kuwa ba a ga ko hularsa ba. Aka ce tsautsayi ne.

Daminar shekarar ta yi gardama, dam ya shiga janyewa. Sai malamin ya cire ƙugiyar ma gaba ɗaya, ya ɗaura dalma zalla. Ya zura ta har ta taɓa ƙasa, ya jawo, ya auna jiƙaƙƙen zaren da hannuwansa.

"Saura gaba ukku," in ji shi, ya ɗago ya dubi Maikuɗi.

Bayan 'yan makonni ya ce saura biyu. Maikuɗi ya daina cin abincin kirki. Matarsa Baturiya ta ce, "Maigida, ka maida mai kuɗinai, mu dai ranka muka so." To, kuɗin sun zama gero, geron ya zama tuwo. Ban da haka, da wane ido zai dubi masunta idan aka ji malamin makaranta ya kore shi daga kan ruwa?

Ranar da zaren ya fito da ƙyar ya kai kamu ɗaya, malamin ya naɗe shi. "Juma'a mai zuwa ta, in Allah ya kai mu," ya ce. "Ka taho kai ɗai. Ban son taro."

Juma'ar ta zo. Malamin ya sauka daga babur babu sandar fatsa, sai fartanya a kafaɗa. Maikuɗi ya riga ya yafe wa Baturiya, ya roƙi ta yafe masa, ya soke wuƙar gyaran kifi a ƙugu. Tsoro ya cika shi fal. Yana tuƙi filafilin na zame masa, duk addu'ar da ya kamo sai ta tsinke a tsakiya.

Tsamiyar ta fito har gindi. A ƙarƙashinta wani ɗan tudun laka ya bayyana, ya fara tsattsagewa da rana. A kan tudun akwai duwatsu a jere, kuma ba ruwa ne ya jera su ba, hannun mutum ne. Maikuɗi ya auna tsawonsu da ido, ya ga daidai tsawonsa ne in an kwantar da shi.

"Sauko," in ji malamin. "Hidda takalminka."

Maikuɗi ya sauko. Ya waiga, babu jirgi ko ɗaya, babu wanda zai ji ihu. Malamin ya wuce gaba da fartanyarsa, ya ba shi baya. Taku uku ne tsakaninsu. Zuciyar Maikuɗi ta ce masa yanzu ko ba yanzu ba, ya kai hannu ƙugu, ya zare wuƙar, ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu.

Malam Barau ya saki fartanyar ta faɗi. Ya durƙusa cikin lakar da fararen kayansa na Juma'a, ya kama bakin rigarsa yana goge dutsen da ke can kai, kafaɗunsa na girgiza. Da muryarsa ta fito, ta wani ƙaramin yaro ce.

"Salamu alaikum, Inna. Barau na. Tun da dam ya ci garinmu, shekara shidda ina gaishe ki ta bisa ruwa, sai yau Allah ya nuna man kabarinki."