Lotsawar Ƙofar Mota

"Mama, mota ma tana jin zafi ne?"

Ta ɗago daga ɗaure wa ɗanta takalmi. Tana hango maigidanta a gareji, durƙushe gaban tsohuwar motar da ya gada yake ta farfaɗowa. Ya tallafi ƙofar ta ciki da dunƙulen ƙarfe, yana bin gefen lotsawar da ƙaramar guduma, ƙwas, ƙwas, ya shafa da tafin hannu, ya sake.

"Lallaɓa shi ake yi," yake gaya wa maƙwabci. "Ƙarfe ba ya son fushi. Ka maka masa sau ɗaya, har abada ba ya komawa daidai."

"Kai dai akwai haƙuri, mutumina!"

Keken yaron ne ya lotsa ƙofar jiya. Ta juyo da fuskarsa: shatin yatsu na nan kwance a kuncinsa, kunnen ya kumbura suntum.

Ta saɓa shi a kafaɗa, ta ɗauki jakarta, ta wuce garejin ko waiwaye babu.

Kai mai yabon hannun gwani, kafin ka buɗe baki, dubi kuncin ɗansa tukuna.