Wankan Sallau

Tun da aka daina jan waya aka koma watsa lantarki ta iska, masu aiki a gindin hasumiyar watsa wutar sukan kwashi caji a jiki, kuma ba ya fita. Sallau yana cikinsu. Shekara goma sha ɗaya matarsa Lantana tana miƙa masa tuwo a akushi, don kwanon ƙarfe yakan yi tartsatsi, ba ta taɓa ko yatsansa ba. Ranar Talata da hantsi ya rasu.

Lantana ta ɗora ruwan wanka, ta aika a kira mai awo, domin doka ta hana wanke ma'aikacin hasumiya sai an gwada gawar. Mai awon, wata matashiya Uwani, ta kanga na'urarta kusa da ƙirjinsa. Allurar na'urar ta tashi. Daga inda Lantana take tsaye, gashin hannunta ya mimmiƙe.

"Inna, sauke ruwan nan," in ji Uwani. "Ruwa yana ɗaukar wuta, za ta biyo hannunki. Sai dai taimama, da safar hannu ta roba."

"'Yar nan, ai ya rasu. Na ɗauka abin zai fita tare da rai."

"Ba ya fita sai an sa shi a kabari. Ƙasa ce ke shanyewa."

Lantana ta sa safar. Ta buga tafukanta a busasshen rairayi, ta shafi fuskar mijinta. Ta daɗe a kan gemunsa, amma ba ta ji komai ba sai roba.