Madabod a Buhun Gero

Abdurra'uf maci amana ne. Jaji mai zanen gine-gine ya kai masa babbar kwamfutarsa shagon gyara a Bici, a canza fanka kawai. Shi kuwa ya zare madabod ɗin, allon nan mai tsada da duk kayan cikin injin ke hawa kansa, ya maƙala wani ƙonanne, ya ce wuta ce ta ci.

Jaji ya ce, "Malam, da ita nake ciyar da iyalina. Allah yana gani."

Abdurra'uf ya naɗe allon a leda ya kai ƙauyensu, ya cusa cikin buhun gero a ɗakin ajiyar mahaifinsa, da niyyar in magana ta lafa ya sayar. Ranar da ya koma ɗauka, babu buhun.

"Baba, ina buhun da ke bayan ƙofa?"

"Zakka na fitar da shi," in ji tsohon, ko ɗagowa bai yi ba. "Liman ya ce akwai wani bawan Allah a Bici, sana'arsa ta mutu, 'ya'yansa na kwana da yunwa. Can na aika."

Sai aka yi sallama a zaure. Muryar Jaji ce, ashe shi aka kai wa buhun. Ledar na hannunsa, mai unguwa na bayansa.

Mahaifin Abdurra'uf ya kore shi daga gida da gandu. Alƙali ya tura shi gidan yari.